Wayar Inna a Ɗakin Tantabaru

Har yau idan na ji kukan tantabara sai raina ya ɓaci, alhali tsuntsayen nan ba su yi mini laifin komai ba. Laifin na yayana ne. Sai kuma wani mutum da ban taɓa gani ba, wanda ya zauna can inda yake, ya naɗi muryarsa ya watsa wa duniya cewa waya tana cinye ƙwaƙwalwa. Ni ma ina da nawa kason, zan zo kansa, amma bari in fara da nasu tunda ya fi yawa.

Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, tana Mabai a gidan da aka haife mu, a hannun Yaya. Shi ne ɗanta na fari, shi ya riƙe gidan bayan rasuwar Baba. Ni ina aure a Ƙanƙara, ina koyarwa a firamare, duk Asabar nakan hau mashin in je in duba ta. Gigin tsufa ya kama ta sannu a hankali. Ta zuba gishiri sau biyu a miya. Ta idar da sallah ta sake tayar da ita. Wata rana ta aika a kira Baba daga gona ya zo ya ci abinci, shi kuwa ya shekara tara a ƙasa. Mun yi addu'a, mun yi rubutu, mun je asibiti. Aka ce mana haƙuri da kulawa ne maganin da ya fi kusa.

Abu ɗaya ne bai taɓa kuɓuce mata ba. Tana da ƙanwa a Damari, muna ce mata Yafendo, su biyu suka rage a ɗakinsu. Tun da hanyoyin yankinmu suka zama abin da suka zama, ba mai ɗaukar tsohuwa ya bi da ita dajin nan don gaisuwa kawai, shekarunsu da yawa ba su ga juna ba. To kullum bayan la'asar Yafendo za ta bugo. Wayar Inna ƙarama ce, irin mai maɓallai, lambobin duk sun goge, tana ƙulle ta a haɓar zane tare da goro. Da ta yi ƙara sai ka ga tsohuwa ta miƙe zaune, ta kwance ƙullin ba tare da ta duba ba, ta kara a kunne. Matar da ba ta san ko ta karya kumallo ba, sai ga ta tana tuna wa ƙanwarta akuyar da ta ci mata ƙullun koko tun suna 'yan mata. Su yi faɗa, su yi dariya, su lissafa dangi na raye da na mace. Bayan ta ajiye takan yi kamar awa biyu tana cikin hankalinta, ta san mu, ta san gidanta. Wannan ɗan lokacin muke jira kullum.

Ran wata Alhamis Yafendo ta kira ni. Ta ce kwana huɗu ke nan tana bugawa, wayar na shiga, ba mai ɗauka. Ta tambaye ni ko rasuwa aka yi ake ɓoye mata. Ban jira Asabar ba, aka tashi makaranta na kama hanya.

Na tarar da Inna a tabarmarta ƙarƙashin darbejiya, hannunta a kan haɓar zane tana murza ƙullin da babu komai ciki sai goro. Yaya yana zaure yana gyaran igiyar shanu. Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na tambayi ina wayar.

"Tana inda ya dace da ita," in ji shi. "Zauna ki ji abin da ilimin bokonku bai hwaɗa maki ba."

Ya kunna mini saƙon da aka turo a guruf ɗinsu na manoma. Mutumin yana magana da murya irin ta wanda bai taɓa shakkar komai ba tun da aka haife shi. Wai masu bincike a ƙasashen waje sun ajiye ɓeraye kusa da waya, tururin da ke fita daga cikinta ya riƙa dukan kawunansu, daga baya aka sake su suka kasa gane hanyar da suka saba bi zuwa abinci. Ya ce duk mai tsoho a gida ya raba shi da waya, kuma wanda ya ji bai tura wa mutum goma ba, alhaki a wuyansa.

"Kin ji ko?" Yaya ya ce. "Shekara nawa abin ga shina manne da kunnenta? Da shi take kwana, da shi take tashi. Mi kike so shi bari mata cikin kai?"

Na ce, "Yaya, Inna ɓera ce?"

"Rai dai rai ne."

Na tuna masa shekarar da aka rufe layukan waya a yankinmu gaba ɗaya, watanni wayar nan tana kwance ba ta ko tari, kuma a cikin watannin nan ne ma Inna ta fara manta gishiri. Ko gezau bai yi ba. Ya ce ai wanda ya taru a baya ne ya fara aiki, kamar taki. Wallahi da ba yayana ba ne, da na faɗa masa abin da ya zo bakina.

Sai ya kawo hujjarsa ta biyu, wadda ita ce ta gaskiya. Ya ce ran Lahadi ya durƙusa gaban Inna ya ce, "Inna, wane ne ni?" Ta kau da kai ta dubi bango. Ya sake tambaya, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Nan na riƙe baki. Na ce, "Yaya, yaushe ta taɓa amsa maka wannan?" Duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san alkunyar ɗan fari. Inna ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ko sunan wani mai irin sunan. Tun da aka yaye shi aka kai shi ɗakin kakarmu, can ya girma. Ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye sai dole. In tana son a ba shi tuwo sai ta ce da ni, "Kai wa mai tantabarun can." Ranar da ya faɗo daga kan kuka ya karye a hannu, tana tsaye tana daka, ba ta ajiye taɓarya ba, sai da kowa ya watse na gan ta bayan rumbu tana kuka. Shekara hamsin da wani abu ana haka, yau kuma ya mai da shi alamar ciwo.

"Da can ta san wanda take kau wa kai," ya ce. "Yanzu fa? Ke kin tabbata?"

A lokacin haushi ya fi tausayi yawa a raina. Na sake tambayar ina wayar. Ya tashi ya ja ni bayan gida.

Yaya yana kiwon tantabaru tun yana yaro. Ɗakuna biyu ya gina musu na ƙasa, da tsofaffin tukwane a jikin bango inda suke ƙwai. Ya buɗe kwaɗon na dama. Ga wayar Inna nan rataye da zare a tsakiyar ɗakin, an naɗe ta da tsumma, har kashin tsuntsaye ya fara yi mata ado. Ya yi mini bayani yana nuni da yatsa kamar malamin gona. Tunda gani ya kori ji, shi ba zai tsaya ga maganar ɓeraye ba, zai gwada da kansa. Shida na ɗakin dama ya ɗaura musu jan zare a ƙafa, su ne masu kwana da waya. Shida na ɗakin hagu baƙin zare, su ba ruwansu. Bayan kwana arba'in zai kai su Ƙanƙara ya sake su. Ba abin da ya kai tantabara sanin gida. In masu jan zare suka ɓata, magana ta ƙare.

"To kiran Yafendo fa?"

"Ai shi nike so. In ba a bugo ba tururin ba ya hita sosai. Ki ce mata ta ci gaba, kar ta gaji."

Wato tsohuwa tana can Damari tana zaton 'yar uwarta ta mutu, shi kuwa ya mai da ita injin gwaji. Muna tsaye a wurin aka yi la'asar a masallacin unguwa, ba a jima ba wayar ta ɗauki ƙara cikin tsummanta, tsuntsaye suka tashi fir. Daga tsakar gida na ji muryar Inna tana cewa, "Ana kira na. Ina aka kai ta? Ana kira na." Na leƙa na gan ta tana ɗaga tabarma, tana duba cikin kwanuka, tana girgiza zanenta. Kunnen da ba ya jin sallama daga zaure, ya jiyo ƙarar nan ta cikin katanga biyu.

Na yi faɗa ranar har muryata ta dushe. Ya bar ni na gama, ya ce shi ne babba a gidan, kuma uwarsa ce kamar yadda take uwata. Abin da na samu kawai shi ne ya rage kwana arba'in zuwa kasuwa uku.

Ga nawa laifin. Na yarda. Na ce a raina mako uku ba wani abu ba ne, a bar shi ya ga ƙarshen wautarsa kowa ya huta. Kwaɗon nan ɗan ƙarami ne, da dutse ɗaya zan fasa shi, amma na tsaya lissafin abin da za a ce, ƙanwa mace ta zo daga gidan miji ta fasa wa yayanta ƙofa. Har dariya na ba abokan aikina da labarin a ofishin malamai, ina kwaikwayon muryarsa. Na kuma ɗauka ina da dabara: na kira Yafendo da tawa wayar na miƙa wa Inna a ɗaki. Ta juya ta gaba da baya, ta ce, "Wanga madubi ne," ta ajiye. Na buɗe murya yadda kowa zai ji, ta riƙa waige-waige a tsorace tana neman inda mai maganar ta ɓuya. A wajenta ƙanwarta cikin ƙaramar wayar nan take, ba ta da wani gida.

A mako na biyu na je asibiti karɓo mata magani, na tambayi likitan da ke duba ta. Ya yi murmushin wanda ya gaji da irin tambayar. Ya ce lallai an yi gwaje-gwaje a kan ɓeraye, amma ba su zo da magana ɗaya ba, wasu sun ga illa, wasu ba su ga komai ba, wasu ma kishiyar haka suka gani. Ya ce yadda ake yi wa ɓera a keji daban, yadda tsohuwa ke gaisawa da 'yar uwarta daban. Abin da shi ya sani da idonsa, in ji shi, tsoho mai irin wannan ciwo in aka yanke masa abin da ya saba da mutanen da ya saba, yakan yi baya da sauri. Na kwashe wannan duka na kai wa Yaya. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To kin gani, su ma ba su daidaita ba. Bari mu ga nawa." Saura kwana takwas, ya ce, in yi haƙuri.

Yaya dai bai taɓa kula da wayar ba tana hannun Inna, sai matarsa ke kai ta caji. Yanzu kuwa duk bayan kwana biyu shi da kansa zai kwance ta, ya kai shagon mai caji, ya zauna ya jira ta cika, ya dawo ya rataye. Tantabaru ba su taɓa rasa kira ko na rana ɗaya ba.

Asabar ta biyu na tarar Inna ta daina neman wayar. Ƙarar ta taso daga bayan gida, ta ɗaga kai kaɗan, ta mai da shi. Matar Yaya ta ce mini a madafa abincinta ya ragu, kuma jiya ta tambaye ta ko ita baƙuwa ce. Na gaya wa Yaya. Ya ce dafin ne ke fita.

Ranar kasuwa ta uku ya iso Ƙanƙara da hantsi, kwando ɗaure a bayan mashin an rufe shi da buhu. Ya biyo ta makarantarmu wai in zo in zama shaida, kada in ce ya yi coge. Muka je bayan kasuwar hatsi, masu auna masara suka bar mudu suka kewaye mu, yana yi musu bayani, wasu na gyaɗa kai. Na ja mayafi na rufe rabin fuskata don akwai iyayen ɗalibaina a ciki. Ya yi bisimilla ya yaye buhun. Tantabarun suka tashi gaba ɗaya, suka zaga sama sau biyu, suka miƙe.

Na hau bayansa muka nufi Mabai. Kafin mu isa, suna kan rufin ɗakinsu suna gyaran fiffike. Ya watsa musu dawa suka sauko, ya durƙusa yana duba ƙafafu. Jan zare shida cif. Baƙin zare biyar. Wadda ta ɓata, ko shaho ne ya ɗauke ta ko mijin wani gida ta bi, tana cikin waɗanda ba su taɓa kwana da waya ba.

Na tanadi maganganu na mako uku don wannan lokacin, na jera su tun a kan mashin. Ya sake ƙirgawa. Ya fara cewa wataƙila kwanakin ne suka yi kaɗan, da an bar shi ya cika arba'in ɗinsa, sai ya dubi fuskata ya haɗiye sauran. Ya shiga ya kwance wayar, ya cire tsumman, ya goge ta da bakin rigarsa tsaf, har tsakanin maɓallan.

Muka sa wa Inna a hannu. Ta dube ta, ta riƙe. Aka yi la'asar, muka zauna muna jira, ni a gefen tabarma, shi a tsugune can nesa kaɗan inda ya saba tsayawa. Wayar ta yi ƙara. Inna ta dube ni. Ni na danna mata, na kai mata kunne. Ina jin muryar Yafendo tana kiran ta da sunan da take kiran ta tun suna yara, tana cewa ina kika shiga, kin bar ni ina magana da tsuntsaye. Inna ta saurara da ladabi, ta amsa da lahiya lau, lahiya lau. Sannan ta sauke wayar ta miƙo mini.

"Wata baiwar Allah ce ke neman yayarta," ta ce. "Ki hwaɗa mata ba nan ba ne."

Ba zan ce mako ukun nan ne suka yi ba. Likita ma bai ce ba. Ciwon dama tafiya yake, wataƙila da wayar na haɓar zanenta ma ranar za ta zo. Amma ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba, wannan rashin sanin shi ke hana ni yafe wa kaina kwaɗon da ban fasa ba.

Na juya kan Yaya da niyyar in sauke masa duk abin da na tara. Na tarar ya dafe kai da hannu biyu, kafaɗunsa na motsi. Ban taɓa ganin kukansa ba, ko ranar da aka fita da Baba. Inna ma ta gan shi. Ta zuba masa ido sosai, ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo.

"Bawan Allah, mi ya same ka?" ta ce. "Matso nan inuwa, rana ta yi maka yawa."

Ya matso da gwiwa. Ta kai hannu ta cire masa gashin tantabara da ya maƙale a hula, ta share masa fuska da gefen mayafinta, ta ce da ni in ɗebo wa baƙo ruwa. Ta tambaye shi ɗan wane gida ne. Ya ce ɗan nan unguwar ne. Ta ce ya yi haƙuri, duk abin da ya yi zafi maganinsa Allah. Ta kwance ƙullinta ta ɓantaro masa goro.

"In ka koma gida," ta ce, "ka gaida innarka."

Maganganun da na jera tun Ƙanƙara suna nan har yau, ban faɗi ko ɗaya ba, kuma ba su bar ni ba. Wani lokacin ina tsakiyar rubutu a allo sai su taso mini, in ji kamar in ajiye alli in hau mashin in je in amayar masa. Mai saƙon murya kuwa na ji an ce ya saki wani sabo, wannan karon a kan tukunyar gas.

Yanzu Yaya ne ke riƙe wa Inna wayar a kunne kullum bayan la'asar, ko yana gona sai ya dawo. Yafendo ba ta fasa bugowa ba. Tana ba ta labarin akuya da ƙullun koko, Inna na amsawa da to, to, kamar mai sauraron rediyo. Yawancin ranaku takan yi wa Yaya maraba, ta tambaye shi mutanen gidansu, shi kuma ya ce suna gaishe ta.

Amma akan samu rana, sau ɗaya a wata ko ƙasa da haka, da zai yi sallama ya shigo, ta ɗago ta gan shi, ta yi maza ta ja mayafi ta juya wa bango. A irin ranar ba ya iya jira in tashi daga aji. Sai wayata ta yi ta ƙara a jaka har in fita baranda in ɗauka, in ji shi yana haki kamar wanda aka yi wa haihuwa.

"Ke, kina ji na? Yau ta kau da kai."